Uwar Ɓeraye da Farfesoshi Uku

In ka shiga cibiyar binciken ta ƙofar gaba, tayil za ka gani yana sheƙi, ga hotunan manya jere a bango kowa ya sha kunu. In kuwa ta baya ka shiga, wari ne zai tare ka, kuma in ka bi warin nan har ƙarshen lungu, ɗakin Uwar Ɓeraye za ka tarar. Shekararta ashirin da shida a ciki. Daraktoci biyar sun zo sun wuce, an yi wa ginin fenti sau uku, ita tana nan da makullinta rataye a wuya.

Da shara ta fara. Wata rana wani ɓera ya ciji mutumin da ke kula da ɗakin, shi kuwa ya cire farar rigarsa ya ajiye, bai ko dawo ɗaukar takalminsa ba. Aka ce ta riƙe wurin na mako guda kafin a samo wanda ya iya, kuma har yau ana nema. Abin dariyar shi ne, a gida in ɓera ya gifta, kan kujera take hayewa tana kwaɗa wa maigidanta kira. Shi mai gyaran agogo ne, mutum mai sanyin magana, sai ya zo da tsintsiya yana cewa, "Uwar yara, ba 'ya'yanki ba ne?"

"Allah ya kiyaye. Wannan ɗan iskan gari ne. Nawa ma'aikata ne, kowa da lambarsa."

Nata farare ne tas, idanu jajaye, ɗari uku da wani abu a cikin kejunan roba kan kantoci. Ta san wanda ke cizo, ta san uwar da ke cinye 'ya'yanta in an buga ƙofa. Ba ta ɗaukar ɓera ta wutsiya, hannu take shimfiɗawa ya hau da kansa. Ba ta shafa turare ranar aiki, ba ta kunna rediyo, kuma ƙarfe takwas daidai take sauya musu dusar katako ko da sama da ƙasa za su haɗu. Da 'yarta tana makaranta, in an tambayi aikin uwarta cewa take yi ma'aikaciyar lafiya ce, uwar ta sani kuma ba ta taɓa yi mata maganar ba. Yanzu saura shekara biyu ta yi ritaya, burinta kuma bai wuce ɗaya ba: ta ƙarasa su a ɗakin nan, ta miƙa makullin ga wanda ta koyar da hannunta.

Ana cikin haka darakta ya je wani taro a ƙasar waje ya dawo da sabon ilimi. Wai ashe jikin mutum abu guda ne. Wai jijiyoyi, da garkuwar jiki, da homon, wato sinadaran da jiki ke zubawa cikin jini, duk hira suke yi da juna, in ɗaya ya shiga tashin hankali sauran ma sai sun ji a jikinsu. Saboda haka za a ɗauki ɗalibai goma sha biyu a horar da su a fannoni ukun gaba ɗaya, su fito ba na kowa ba, na duka. Aka buga ƙyalle aka rataya a ƙofar gaba, aka yi jawabi na awa biyu. Uwar Ɓeraye tana can baya kusa da masu shara, ta karkato ta ce wa ta kusa da ita, "Sai yanzu suka sani? Duk matar da ta taɓa ganin yaro ya kwanta zazzaɓi ana gobe jarrabawa ai ta gama wannan karatun."

Matsalar guda ce, kuma kowa a ginin ya san ta ban da ƙyallen. Mutum ukun da za su koyar da yadda sassan jiki ke magana da juna, su kansu ba sa ga maciji. Ita ce ta raɗa musu sunaye, sunayen kuma suka bi su. Farfesa Ƙwaƙwalwa dogo ne mai sanƙo, yana magana a hankali kamar ana biyansa da awa, a ganinsa duk abin da ke ƙasa da wuya aikin masu gyaran famfo ne. Farfesa Garkuwa gajere ne mai tsawa, tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce da aka kashe masa firiji ba da saninsa ba ya daina gaisawa da dogon. Farfesa Homon kuwa mace ce mai murmushi da ƙamshi, tana gaishe su duka biyun har da tambayar iyali, sannan ta koma ofis ta rubuta wa darakta takarda a kansu. In ɗaya yana son faɗa wa ɗaya magana, ɗalibi ake aikawa da 'yar takarda, ko da ƙofofinsu na kallon juna.

Aikin da aka ba ɗaliban mai sauƙin fahimta ne. Ɓeraye sittin, kowanne a yi masa ɗan rauni kamar ƙwayar gero a baya. Talatin za a riƙa cusa su kowace safiya cikin wani matsattsen bututun roba na awa guda, ba juyi ba motsi, don hankalinsu ya tashi. Sauran talatin a bar su su ci su sha su yi barci, su ne masu hutu. Sai a ga raunin wa zai riga warkewa. Amsar ma an riga an san ta, tana cikin littattafai: na bututu za su makara. Aka manna wa kejunan na bututu jar takarda mai cewa kada a taɓa. Na masu hutu ba a manna musu komai ba, tunda ba abin da ake yi musu.

To ga inda gizo ya yi saƙa. Tsarin horon ya ce kowane ɗalibi sai ya iya aikin hannu na kowane fanni. Ranar Litinin Farfesa Ƙwaƙwalwa ya turo su su koyi gwada jijiya, ana tsikarar tafin ƙafar ɓera da wani siririn gashi a ga yaushe zai janye. Da wa za a koya? Ya ce ai ga masu hutu nan zaune ba aikin fari ba na baƙi. Ranar Talata Farfesa Garkuwa ya turo su koyon ɗibar jini, shi ma idonsa ya faɗa kan masu hutu. Laraba Farfesa Homon ta zo da kanta, ƙamshinta ya riga ta shigowa, ta ce a riƙa auna su a sikeli ana ɗaukar fitsarinsu safe da yamma. Kowannensu yana ganin shi kaɗai ne ya yi wannan dabara, don ba wanda zai tambayi ɗan'uwansa. Hannu ashirin da huɗu na sababbin shiga, masu rawa, masu gumi, suna damƙar ɓera kamar za su matse lemo. Kafin mako ya zagayo, masu hutu in suka ji an taɓa ƙofa sai su dunƙule a kusurwa.

Ba ta yi shiru ba, don shiru ba ya cikin halinta. Ta tare Farfesa Ƙwaƙwalwa a matakala.

"Ranka ya daɗe, masu hutun nan fa ba sa hutawa."

Ya dube ta daga sama, ya ce, "Baiwar Allah, wannan magana ce ta kimiyya. Ki tabbatar dai suna da ruwa."

Farfesa Garkuwa ya ce in dogon ne ya aiko ta, ta koma ta ce ba ta same shi ba. Farfesa Homon ta dafa mata kafaɗa ta ce, "Kai, Mama, Allah ya bar mana ke," ta wuce. Sai Uwar Ɓeraye ta koma ga abin da ta iya. Tana da wani littafi mai baƙin bango, ta shiga rubuta duk wanda ya shigo: rana, lokaci, kejin da ya buɗe, abin da ya yi, da farfesan da ya aiko shi. Ɗaya daga cikin ɗaliban, wata da ake ce wa Doguwa, ta taɓa leƙawa ta ce, "Mama, wannan ai ya fi namu tsari." Ta ji daɗin maganar har ta maimaita wa maigida da yamma.

Akwai kuma abin da ba ta rubuta ba. In awa ta cika, ɗalibai sukan zare na bututu su zuba mata a tire su ruga aji, ita ke mayar da su keji. Fitowa suke a jiƙe, suna kyarma, zuciya na bugawa har ana gani ta fata. Rana ta farko ta daure. Rana ta biyu ta ɗauki ɗaya, maimakon keji sai ta ji hannunta ya kai shi aljihun rigar aikinta. Ta sa babban yatsa tana shafa masa baya a hankali har kyarmar ta tsaya. Washegari ta shimfiɗa auduga a aljihun biyu. Bibbiyu take ɗaukarsu, minti huɗu ko biyar, har talatin su ƙare, lokacin cin abincinta ke nan ya tafi. Ba ta ɗauki abin laifi ba. Tausayi ne ya kama ta, kuma a ganinta an ce a tsorata su na awa guda, ba a ce a bar su da tsoron har gobe ba.

Da aka zo duba sakamako sai lissafi ya kife. Na bututu sun warke cikin kwana tara, sumul, har gashi ya fara rufe wurin. Masu hutu kwana goma sha huɗu rauni na nan danye, wasu gashinsu na zuba. Ga shi masu ɗaukar nauyin shirin za su zo ƙarshen wata su ga abin da aka haifa. Darakta ya kafa kwamiti, kuma tun kafin kwamitin ya zauna takardar gayyata ta riga ta faɗi abin da zai gano, don an rubuta a kai cewa za a binciki sakaci a ɗakin dabbobi.

Da safen ranar, maigida yana shan shayi ya dube ta tana cusa baƙin littafin a jaka.

"Uwar yara, abu ɗaya zan roƙe ki. Abin da aka tambaye ki, ki amsa. In kin amsa, ki rufe bakin."

"To ni yarinya ce?"

"Da yarinya ce da ban damu ba. Shekara talatin ina jin bakin nan, ban taɓa ganin ya tsaya inda aka ce ya tsaya ba."

Ta yi tsaki ta fita. Tsoro take ji na gaske, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka shiga da 'yarta ɗakin tiyata.

Ɗakin taron yana da dogon tebur. Darakta a kai, farfesoshin uku kowa ya bar kujera biyu tsakaninsa da na kusa, ɗalibai a jikin bango. Ita aka ba ta kujera a can ƙarshe. Darakta ya yi gyaran murya ya tambaya ko akwai ranar da ta manta ba su abinci, ko ta haɗa kejuna, ko ta bar taga a buɗe. Ta ce babu. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, in an ba ni izini in karanta wani abu."

Ta buɗe littafin ta fara, da muryar mai kiran suna a asibiti. Litinin, ƙarfe goma, mutum shida, keji na ɗaya zuwa na biyar, tsikarar ƙafa, aiken Farfesa Ƙwaƙwalwa. Talata, ƙarfe tara da rabi, ɗibar jini, ɓera ɗaya an soke shi sau huɗu kafin a samu, aiken Farfesa Garkuwa. Laraba, sikeli. Alhamis, an dawo tsikara. Ba ta tsallake ko layi ɗaya ba. Kafin ta kai mako na biyu Farfesa Garkuwa ya miƙe tsaye.

"Wa ya ba ka izinin taɓa masu hutu?" Karo na farko ke nan cikin shekara goma sha ɗaya da ya yi wa dogon magana baki da baki.

"Ni tsikara kawai na yi. Kai ne ka mayar da su rariya."

"Ni dai awo na yi," in ji Farfesa Homon, "awo ba ya ciwo."

Su biyun suka juyo kanta a tare. Aka tono firiji, aka tono wata takardar bincike da aka sa sunan wani a ƙarshe, aka tono wurin ajiye mota na ƙarƙashin bishiya. Darakta ya tambayi ɗalibai ko gaskiya ne, Doguwa ta ce gaskiya ne, ita kanta ta yi duka ukun. Darakta ya ciro hankici yana share wuya. Uwar Ɓeraye ta rufe littafinta ta ɗora hannu a kai. Ta yi nasara, kowa a ɗakin ya san ta yi nasara, abin da ya rage kawai ta tashi ta koma wurin 'ya'yanta.

Farfesa Homon ce ta fara dawowa hayyacinta. Ko neman sauya magana take, ko da gaske son sani take, Allah kaɗai ya sani. Ta gyara mayafi ta yi murmushin nan nata.

"Mama, mun ji na masu hutu. Amma ni abin da ya ɗaure mini kai na bututun ne. Kwana tara! Ko lafiyayyen ɓera da ƙyar ya yi haka. Ke da kika fi mu saninsu, me kike gani ya jawo?"

Shekara ashirin da shida ana tambayarta ko ta share, ko ta zuba ruwa, ko ta kulle. Ba a taɓa tambayarta me take gani ba. Ga farfesoshi uku, ga darakta, ga ɗalibai goma sha biyu, duk sun zuba mata ido suna jiran ilimi daga bakinta. Daɗi ya cika ta har wuya. Maganar maigida ta zo mata, ta ji ta sarai, ta ture ta gefe.

"Ai wannan ba abin mamaki ba ne, ranki ya daɗe. Lallashinsu nake yi."

"Lallashi?"

"In an fito da su, sai in sa su a aljihu in shafa su har su dawo daidai. Tsoro ai ba shigarsa ce ke kashewa ba, rashin mai fitar da kai ne." Har ta tashi ta buɗe aljihun ta nuna musu audugar.

Doguwa ta rufe fuska da tafin hannu. Farfesa Ƙwaƙwalwa ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ta mutumin da aka ce masa ba shi ne mai cutar ba.

"Wato," ya ce a hankali, "ma'aikaciya ta sa hannu a gwaji ba da izini ba. Kullum. Na mako biyu."

"Kuma ba ta rubuta ba," in ji Farfesa Garkuwa. "Ta rubuta na kowa, ta ɓoye nata."

Dogon ya laluba aljihu bai sami biro ba, gajeren ya miƙa masa nasa. Farfesa Homon ta jawo kujerarta kusa don ta ga abin da ake rubutawa. Uwar Ɓeraye tana tsaye riƙe da bakin aljihu, tana kallon kawuna uku sun haɗu kan takarda ɗaya, abin da darakta ya yi wata shida yana roƙo bai samu ba.

Rahoton shafi takwas ne. An ambaci aljihu sau goma sha bakwai. Baƙin littafin ya samu layi ɗaya, inda aka ce an kuma lura da wasu ƙananan kurakuran tsari waɗanda tuni aka gyara. Saboda daɗewarta a aiki ba a kore ta ba, an dai mayar da ita ɗakin wankin kwalabe, wanda bango ɗaya ya raba shi da ɗakinta. Da baƙi suka zo, darakta ya nuna musu rahoton a matsayin aikin farko da sassan uku suka sa wa hannu tare, baƙin kuma suka yaba ƙwarai.

Maigida bai ce mata ai na faɗa miki ba. Ya dube ta, ya ɗauki wani agogo ya shiga kwancewa, ita kuwa da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi. Makullin ma ba ta miƙa wa kowa ba, wani daga ofishin ma'aikata ne ya zo da fom ya karɓa. Aka kawo sabon mutum mai takardar shaida har biyu, da safar hannu mai kauri.

Bayan wata guda Doguwa ta shigo ɗakin wankin tana sunne kai. Ta gaishe ta, ta tsaya tana wasa da igiyar katin wuyanta.

"Mama, an ba ni sabon aiki. Su ukun ne za su duba ni tare."

"Madalla. A kan me?"

"Tasirin tausasawa bayan tashin hankali a kan warkewar rauni." Ta faɗe shi da sauri kamar mai haɗiye magani. "An ba tela ya ɗinka aljihuna talatin, duk girma ɗaya. Minti biyar za a riƙa yi, da agogo."

Uwar Ɓeraye ta ajiye kwalbar da ke hannunta. Ta so ta yi dariya, ta so ta yi zagi, amma abin da ya fito daban ne, kuma ta ji kunyar yadda muryarta ta yi ƙasa.

"To wa zai riƙa shafa su? In ana so, ni ko lokacin cin abincina ne..."

"Na faɗa musu, Mama. Wallahi na faɗa. Sun ce sai wanda ya yi horon."

"Horon shafa ɓera."

"Kwana uku ne. Amma sai mai digiri ake ɗauka."

Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya ba da sa'a, kuma har zuciyarta ta faɗa, don yarinyar ba ta da laifi. Doguwa ta fita. Ƙarfe tara saura kwata, sabon mutumin bai daɗe da isowa ba, ta ji ya bugo ƙofa da ƙafa, ta ji ya jawo keji na farko. Sai ƙaramin kukan nan ya ratso bango, siriri, irin wanda ɓera ke yi in an ɗaga shi ta wutsiya. Ta san kantar, ta san kejin, ta ma san wace ce, wata mai ciki ce da ta kusa haihuwa. Har ta kai hannu ga tawul za ta goge ta fita, sai ta tsaya. Aka jawo keji na biyu. Ta mayar da tawul ɗin, ta murɗa famfo har ƙarshe, ruwa ya shiga dukan kwanon ƙarfe da ƙarfi, ta ɗauki kwalba ta gaba.